Nafi'u Bai Yi Kuka a Masar Ba

Abu na farko da Alƙahira ta koya mini shi ne Larabcina abin dariya ne. Shekara da shekaru ina koyar da nahawu a wata Islamiyya a Gwarzo, yara na miƙewa tsaye in na shiga aji. Amma da na buɗe baki a filin jirgi na tambayi wani ɗan sanda inda ake samun keken marasa lafiya, sai ya yafito abokinsa, wai ya zo ya ji mutum yana magana kamar mai huɗubar Juma'a. Suka yi dariyarsu har suka gaji, sannan suka nuna mini hanya da baki. Keken dai ban samu ba. Na durƙusa ɗana Nafi'u ya hau bayana, na riƙe jaka a hannu ɗaya, sandarsa a ɗayan, muka fita.

Shekararsa tara a lokacin, kuma ƙafarsa ta hagu ce ta kai mu. Daga kan amalanken shanu ya faɗo a gonarmu ta Unguwar Tudu, cinyar ta karye, mai ɗori ya ɗora ta a karkace, ta haɗe a haka. Likitocin Kano suka ce sai an sake karya ƙashin an sa ƙarfe. Muka yi ta zarya, yau layi, gobe yajin aiki, ƙafar kuwa tana ƙara lanƙwasa. Da dangi suka ga abin ba mai ƙarewa ba ne, suka haɗa abin da suka haɗa, aka ce in kai shi Masar tunda ni ne mai Larabci.

Kafin in ci gaba sai na yi maganar maraƙi, don shi muka ɗauko daga gida ba mu sani ba.

Gidanmu gidan dauriya ne, da ita muke tinƙaho. Mahaifina, wanda duk muke kira Alhaji, garma ta taɓa tsaga masa ƙafa, aka ɗinke shi yana hira da mai ɗinkin a kan farashin taki. Matata Hadiza kuwa 'yar Gammo ce, can ƙasar Kabo. Haihuwar Nafi'u tiyata aka yi mata, ta yi kwanaki tana ihu a asibiti, tana rantsuwa maganin da ake ba ta ba ya yi mata komai, alhali matan da aka yanka tare da ita suna barcinsu. Daga nan matan gidanmu suka samu abin faɗa. Duk wanda ya yi raki a gidan, ko da ƙaya ce ta soke shi, sai a ce jinin Gammo ya motsa. To ranar da mai ɗori ya ja ƙafar Nafi'u, yaron ya yi ihun da aka ji har gidan maƙwabta. Alhaji ya yi dariya ya ce ai shi bai yi mamaki ba, daga ranar ya laƙaba masa Ɗan Gammo.

Wasan kaka da jika ne, kowa ya san haka. Ana gobe za mu tafi, Alhaji ya sa aka ɗauko Nafi'u aka kai shi bakin turke, ya nuna masa wani jan maraƙi mai farin goshi.

"Ka ga wannan? In ka je ka dawo ba ka yi kuka ba, naka ne. In kuwa ka yi, kaza zan ba ka, ka kai wa kakanninka na Gammo."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Nafi'u bai yi ba, maraƙin kawai yake kallo.

Wanda ya tarbe mu a Alƙahira wani saurayi ne Bahaushe mai suna Kabiru, wai ɗalibi ne, wai kuma asalinsa ɗan Kabo ne. Ta waya ya yi mini alkawarin ɗaki a ƙasa kusa da asibiti, kuma shi zai zama bakinmu wajen likitoci. Ya kira ni Baba Malam, ya tambayi lafiyar mutanen Kabo. Da na tambaye shi ɗan wace unguwa ne, sai ya shiga yabon gine-ginen da muke wucewa. Ɗakin da ya kai mu yana hawa na biyar, babu lif sai matakala, kuma tsakaninsa da asibiti sai an shiga mota biyu. Ya karɓi ladansa gaba ɗaya, ya ce gobe da safe zai zo. Har na bar Masar wayarsa a kashe take. Ba abin da ya karɓa ne ya fi ƙona mini rai ba, Baba Malam ɗin nan ne.

Haka muka zauna muna jiran ranar aiki. Kullum in goya yaro in sauko, in goya shi in hau. Gari ne wanda ba ya yin shiru, ƙarar hon ko'ina, mutane na magana da ƙarfi kamar faɗa suke. A titi yara kan bi mu suna kiran wani suna saboda baƙin fatarmu, ni in yi kamar ban ji ba, Nafi'u ya tambaye ni me suke cewa, in ce gaisuwa ce. Abinci kuwa wake da gurasa, da safe wake, da rana wake. Damina ce a gida lokacin. In na tsaya a taga ina kallon benaye masu launin ƙasa, ba ko ɗigon ruwa daga sama, sai in riƙa tunanin ko an gama noman farko, ko dawar ta kai gwiwa. Na yi kewar gida ƙwarai, har ƙamshin miyar kuka na riƙa ji a inda babu ita.

Abu ɗaya ne ya riƙa sa Nafi'u murmushi a gidan nan. Mutanen can suna da wata dabara, sukan ɗaure kwando da igiya su zuro shi ta taga, mai gurasa ya saka musu, su janye. Na samo masa kwando da igiya, ya zama shi ne mai zurawa. Wata tsohuwa a hawa na uku, wadda ban taɓa ganin fuskarta ba sai hannunta, takan tare kwandon in yana hawowa ta jefa alewa ɗaya a ciki. Ko sau ɗaya ba ta fasa ba.

A asibiti aka ba mu ɗaki mai gado biyu. Ɗaya gadon na wani yaro ne ɗan Sudan, Taha, sa'an Nafi'u, shi ma cinya, shi ma ƙarfe za a sa masa, likita ɗaya, rana ɗaya. Mahaifinsa Usman dogo ne mai sanyin magana, kuma Larabcinsa yana shiga kunnena. Ya ce akwai Hausawa a garinsu tun zamanin kakanni. Ya iya "sannu" da "madalla", yana kuma sa su duk inda ya ga dama. Yana da 'yar butar shayi ta lantarki da yake ɓoyewa a bayan labule, bai taɓa dafawa bai miƙo mini ba.

Aka yi aikin, aka ce ya yi kyau. Ranar farko yaran biyu ba su ji komai ba, saboda allurar da aka yi musu a baya ta kashe ƙafafun. Da ta sake su ne kowa ya nuna halinsa. Taha ya fasa ihu, ya yi jifa da matashin kai, ya kira uwarsa. Nas ta zo da wani kati mai zanen fuskoki a jere, ta farko tana murmushi, ta ƙarshe tana zubar da hawaye, ta ce ya nuna wadda ta yi kama da yadda yake ji. Ya dangwala ta ƙarshen. Aka ba shi maganin ciwo, ba a jima ba ya yi barci, ya farka ya nemi abinci.

Aka ba Nafi'u irin maganin, daidai yadda aka ba Taha. Bayan an ɗan jima nas ta dawo da katin. Da yake ba mai jin Hausa a asibitin sai ni, ni ne tafinta.

"Nafi'u, ya jiki?"

"Da sauƙi, Baba."

"Ta ce ka nuna wadda take kamar kai."

Ya dube ni tukuna, sannan ya dubi katin. Ya ɗora yatsa a kan mai murmushi. Na juya na gaya wa nas da Larabcina na huɗuba cewa ya ce ya samu sauƙi. Ta shafa kansa ta ce jarumi, ta fita.

Wallahi daɗi na ji. Na dubi Taha da ya jiƙa matashi da hawaye, na dubi nawa yana kwance tsit, kaina ya kumbura. Usman ya ce, "Ma sha Allah, ɗanka namiji ne, madalla." Na ce masa haka gidanmu yake. Na fita baranda na aika wa Alhaji saƙon murya, na ce a gaya wa mutan gida Ɗan Gammo ya ba da mamaki.

Haka aka yi ta yi. Safe da yamma a kawo magani, a kawo kati, ya dube ni, ya nuna mai murmushi. Taha ya fara zama, yana wasa da wayar ubansa, yana tsokanar nas-nas. Nafi'u kuwa ya daina cin abinci. Idonsa na kan silin, gumi na tsattsafo masa a goshi alhali ɗakin da sanyi. Hannunsa ɗaya kullum yana riƙe da ƙarfen gado. Leɓensa na motsi, da na kasa kunne sai na ji ƙananan surori yake karantawa, in ya kai ƙarshe ya sake komawa farko. Na ce a raina tarbiyya ta yi rana. Sau biyu yana fitsari a kwance, yaron da ya daina tun yana ɗan shekara uku, don kada a ɗaga shi a sa masa tasa. Na yi masa faɗa a kan haka, ya ce in yi haƙuri.

Da la'asar Alhaji kan sa ƙanena ya kira mu ta bidiyo. Fuskarsa ta cika wayar, yana magana da ƙarfi kamar daga Unguwar Tudu zai jiyar da mu ba tare da wayar ba.

"Ina Ɗan Gammo? Ya yi?"

"Bai yi ba, Alhaji."

"Kai, ban yarda ba! Nuna mini idonsa. To, to. Ga mutuminka nan yana jiranka, har ya fara ƙaho."

Sai a juya wayar a nuna maraƙin yana tuƙa a bakin turke. Nafi'u ya kalla, ya ce, "Na gode, Alhaji," da wata 'yar siririyar murya.

Hadiza ta koma gidansu a Gammo kafin mu dawo, kuma can sai an fita bayan gari ake samun layi, don haka ba kullum take kira ba. Ranar da ta samu, muka gaisa, ta ce in ba ta Nafi'u. Ban ji abin da ta ce masa ba, na dai ji yana cewa "da sauƙi" sau biyu. Ya miƙo mini wayar.

"Malam, yaron nan ciwo yake ji."

"Kin fara ko? Shi da bakinsa ya ce da sauƙi. Likitoci ma yabonsa suke."

"Na ji numfashinsa. Don Allah ka ce su duba shi."

"Hadiza, da yana jin ciwo ai da ya faɗa."

Sai ta ce, "Ni da na faɗa, me aka kira ni?"

Raina ya ɓaci. Na ce mata ina ƙasar mutane ina fama, ba ni da lokacin tone-tone, na kashe wayar.

Washegari da hantsi mai gashin ƙashi ya zo, wani ƙaƙƙarfan mutum mai fara'a. Tun kwanakin baya yake zuwa yana lanƙwasa gwiwar yaran kaɗan-kaɗan, don ya ce in ba a motsa ta da wuri ba za ta sandare. Ta Taha tana lanƙwasuwa, yana ihu yana dariya. Ta Nafi'u kuwa kamar icce, sai mutumin ya ce yaron yana ƙin ba da haɗin kai, ni kuma in harari yaron. Ran nan ya ce yau sai an tsaya. Muka kama Nafi'u ni da shi, muka sauko da ƙafafun, muka miƙar da shi. Nafi'u bai ce uffan ba. Na ga idonsa ya juye, jikinsa ya saki, ya sulale a hannuna. Da bakinsa ya buɗe sai jini ya biyo ta gefe.

Na yi salati da Hausa, na yi da Larabci, Usman ya ruga waje yana kira. Aka taru, aka mayar da shi gado, ya farfaɗo. Can sai ga wata likita ta shigo, gajeriya, dattijuwa, da tabarau a rataye a wuya. Aka ce ita ce mai kula da ciwo bayan tiyata, Dakta Nadiya. Ta daɗe tana kallon na'urar da ke ƙirga bugun zuciya. Ta taɓa goshinsa, ta ɓamɓare yatsunsa daga ƙarfen gado. Sannan ta buɗe bakinsa ta haska, ta yafito ni in gani. Cikin kumatunsa duka biyun ya tattaune su, sun yi fata-fata.

Ta yi mini magana da Larabcin littafi, a hankali, kuma ita ce ta farko a garin da ta yi mini haka ba da dariya ba.

"Ya Ustaz, zan tambaye shi, kai za ka fassara. Amma ka juya ka fuskanci bango. Kada ya ga fuskarka, kada kuma ka ƙara ko ka rage."

Na juya. Ina jin ta ta ɗauko katin. Na ce, "Nafi'u, ta ce ka nuna gaskiyar yadda kake ji."

Sai na ji muryarsa a bayana, ƙasa-ƙasa.

"Baba."

"Na'am."

"In na nuna mai hawayen, kuka ne?"

Na runtse ido. Na dafa bangon. Na ce, "A'a, ba kuka ba ne. Nuna."

Usman ne ya gaya mini daga baya cewa Nafi'u ya ɗora yatsa a kan ta ƙarshen, ya danna har katin ya lanƙwashe.

Nan take ta sa aka canza magani, aka ba shi wani ta jijiya. Kafin azahar hannunsa ya saki, haƙoransa suka rabu, ya yi barci baki buɗe. Sai da na ga wannan barcin na gane tun da aka yi aikin ban ga ya yi irinsa ba. Na zauna a gefen gadon ina kallonsa, kunya da baƙin ciki sun cika mini ciki. Usman ya miƙo shayi, na kasa karɓa, ya ajiye a ƙasa kusa da ƙafata.

Ta ɗebi jininsa ta aika gwaji. Da sakamakon ya fito ta kira ni ofishinta. Ta ce maganin da aka fara ba shi dangin tiramol ne, wannan da matasanmu suka ɓata wa suna. Ta ce shi irin wannan magani ba ya aiki sosai yadda aka sha shi, sai hanta ta sarrafa shi tukuna, kamar dai hatsi da ba ya ciyuwa sai an kai shi niƙa. Yawancin mutane hantarsu na yi daidai, irin su Taha. Wasu tasu na yi da sauri fiye da kima, har abin da aka ba kowa ya zauna lafiya su ya danne musu numfashi, shi ya sa ba a ƙara wa yaro haka kawai in bai ce yana jin ciwo ba. Wasu kuma tasu kusan ba ta taɓa shi, sai ya shiga ya fita. Nafi'u yana cikin waɗannan.

"Wato duk kwanakin nan," na ce, "da ƙashi a karye da ƙarfe a ciki..."

"Kusan ba tare da komai ba. Mu ma muna da laifi, ya kamata mu lura da bugun zuciyarsa tun da wuri. Amma mun tambaya, an ce mana da sauƙi."

Ta ce ba cuta ba ce, halitta ce, a cikin ƙwayoyin gado take, kamar tsawo da launin fata. Da na ji kalmar gado sai bakina ya riga ni.

"To daga wajen uwarsa ne. Ita ma da aka yi mata tiyata haka ta yi ta cewa."

Ta sa tabaraunta ta dube ni.

"Mai yiwuwa matarka gaskiya ta faɗa, kuma ta sha wuya. Amma yaro ba ya zama haka da gadon gefe ɗaya. Sai ya samu ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ɗayan naka ne, ya Ustaz."

Na fito na zauna a kan benci a farfajiyar asibitin, rana na dukana ban tashi ba. Na yi ta kiran Hadiza har layin ya shiga. Na gaya mata duka, ban rage ba. Na ɗauka za ta ce ai ta faɗa, na ma shirya wa hakan. Ba ta ce ba. Na ji tana jan hanci, can ta ce, "Ni dai ka dawo mini da ɗana."

Na koma ɗaki na sami Nafi'u a farke, yana cin gurasa a hankali saboda bakin. Na zauna na ce masa daga yau in ya ji ciwo ya faɗa, in kuka ya zo ya yi. Na ce maganar maraƙi wasa ce irin ta kakanni, ni zan saya masa wani wanda ya fi shi.

"Na Alhaji nake so."

"To ka yi kukanka, ba wanda zai gaya masa."

Ya dube ni kamar na faɗi abin kunya. "Baba, ai Allah yana gani."

Ni na koya masa wannan, a aji da kuma a gida.

Ya yarda zai riƙa nuna katin da gaskiya, tunda na ce ba kuka ba ne. Amma kukan bai yi ba. Ko da mai gashin ƙashi ya dawo da ƙarfinsa don a rama kwanakin da aka rasa, sai dai yaron ya runtse ido ya kama hannuna. Ba a kuwa rama su duka ba. Ƙashin ya miƙe, amma gwiwar ta riga ta yi tauri, ta tsaya a rabin hanya. Har yau in zai yi zaman tahiya sai ya miƙe ƙafar gefe, kuma in sanyi ya sauko cinyar kan tashe shi. Dakta Nadiya ta ce ciwon da aka bari ya daɗe haka wani lokaci jiki ba ya saurin mantawa da shi.

An sallami Taha kafin mu, yana takawa da sanda ɗaya yana yi wa kowa gwalo. Usman ya bar mini butar shayinsa. Ya rungume ni a bakin ƙofa ya ce, "Sannu, sannu," wannan karon a inda ya dace. Bayan tafiyarsu ɗakin ya yi mini faɗi. Muka koma hawa na biyar muka ƙarasa sauran makonnin gashi, Nafi'u ya ci gaba da zura kwandonsa, hannun tsohuwar nan ya ci gaba da jefa alewa. Ranar da za mu tafi na ƙwanƙwasa ƙofarta don in yi godiya, ba a buɗe ba.

Mun sauka Kano an fara yankan gero. Tun daga hanyar Gwarzo nake shirya abin da zan gaya wa Alhaji. Na ce zan ja shi gefe kafin komai, in yi masa bayanin hanta da gado, in roƙe shi ya bar maganar maraƙin nan ta mutu. Na shirya ta tsaf da Hausa mai ladabi.

Da muka isa Unguwar Tudu bayan la'asar, ƙofar gida cike take da mutane. Hadiza ta zo daga Gammo tun safe, na hango ta a bakin zaure ta ciki, ba ta iya fitowa saboda maza. Aka yi ta sannu da zuwa, ya hanya, ya mai jiki, ya aka baro mutanen can. Kafin in gama amsa gaisuwa, sai ga Alhaji ya fito ta ƙofar garke da kansa, yana jan maraƙin. Ya girma, ƙahonin sun fito. Na haɗiye maganar da na shirya. Uba ne, ga jama'a, ga farin ciki a fuskarsa irin wanda na daɗe ban gani ba.

"Jama'a ku shaida," in ji Alhaji. "An karya ƙashin yaron nan an sa ƙarfe, ko ɗigon hawaye bai zubar ba. Daga yau na janye Ɗan Gammo. Wannan namu ne!"

Aka ɗauki kabbara, ana ma sha Allah. Ya kama hannun Nafi'u ya danƙa masa igiyar. Yaron ya tsaya a kan sandarsa, ya naɗe igiyar a hannu sau biyu, ya ja ta kaɗan ya ji ta kamu. Sannan ya jawo hannun rigata. Na sunkuya.

"Baba, ya zama nawa?"

"Ya zama naka."

"Ba za a karɓe ba?"

"Ba mai karɓewa."

"To yanzu in yi?"

Na ce, "Yi."

Ban taɓa jin kuka irin wannan ba. Daga can cikin cikinsa ya taso, ya buɗe baki har ana ganin tabon kumatunsa, jikinsa duka yana rawa, igiyar na hannunsa bai saki ba. Maraƙin ya firgita ya ja baya. Mutane suka yi cirko-cirko. Hadiza ta keto ta tsakiyar maza ba ko mayafi sosai, ta durƙusa ta rungume shi, ba wanda ya ce mata komai.

Alhaji ya dubi wannan ya dubi wancan, hankalinsa a tashe.

"Subhanallahi! Me ya same shi? Wa ya taɓa shi?"

Na ce, "Mu ne, Alhaji."